Kunnen 'Yar Wabi

Mu Maguzawa ne asalinmu. An kai ni aure wani babban gida a gefen Kwandiko, cikin ƙasar Gwaram, a shekarar da ake ta cewa Turawa sun naɗe tabarmarsu sun bar mana ƙasa. Ni dai ban ga abin da ya canja ba. Gero na cikin rumbu, turmi na tsakar gida, gayaunata na bayan danga tana jiran fartanya. Abin da ya canja a gidanmu shi ne maigidana. Tun kafin a kai ni ya fara zuwa wata rumfar kara a bayan gari, inda masu bin Almasihu ke taruwa ranar Lahadi. Ya bar giya, ya bar tsayawa wurin yankan da ake yi wa kan gida, iskan da ke tsare gidan. Uwarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, ba ta hana shi ba, ba ta kuma bi shi ba. Cewa take yi kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kuwa na bi shi ne kamar yadda mace ke bin miji gona, yana gaba ina baya da tulu a ka.

Ɗana na fari namiji ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, don kunya. Saboda haka da wutsiyar ido na rene shi, kuma a nan na koyi kallo. Ya fara rarrafe ke nan zawo ya kama shi, ya tafi. Ban yi kuka a fili ba, kunyar ba ta ƙare da mutuwa. Ta biyu mace ce, ta kai yaye, zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Na uku ko suna bai kai ba. Bakinsa ya ƙulle, ya ƙi nono, jikinsa ya sandare a hannuna.

Bayan an binne na ukun ne Inna ta zo ƙofar ɗakina ta zauna a kan turmin da aka kifar. Ba ta yi mini gaisuwa ba. Ta ce, "Yarinya, kin san abin da ke damunki?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Wabi ne. Ba 'ya'ya uku kika haifa ba, ɗaya ne. Riga kawai yake sakewa, yau namiji gobe mace. Ya zo ya sha nono, ya ci wahalarki, ya koma, ya huta, ya sake shigowa. Ya ga ƙofa a buɗe, me zai hana shi?"

Ta ce maganinsa ɗaya ne. In ya sake tafiya, kafin a sa shi a ƙasa sai a tsaga masa kunne da aska. In ya dawo da tsagar, kowa zai gane shi, kunya ta kama shi ya zauna. In kuwa ya ji zafin askar ya yi fushi, sai ya nemi wata ƙofar. Sannan ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni shekara da shekaru. Ta ce ƙanwarta ma wabi ta yi, mijinta ya hana a yi wa yaron shaida. Da yaron ya dawo zuwan ƙarshe bai fito daga cikin ba, tafiya ya yi da uwar. Ta ce, "Aradu, da idona na gani. In ya gaji da kai-kawo shi kaɗai, abokin tafiya yake nema."

Daga ranar nan na fara jin tsoron cikina. Ina daka, in tsaya in dafa marata. In na wuce bayan danga, inda ake sa jarirai, sai in kama zanena in matse, in yi sauri kamar mai ƙetare gona da maciji. Mutuwa a wurina ba wani wuri mai nisa ba ce, tana nan bayan gida tana shawagi, ta kuma san hanyar ɗakina.

Majami'a ba ta rage mini komai ba a lokacin, sai ma ƙari. Duk bazara, in zafi ya yi zafi, akwai Lahadin da ake murnar tashin Almasihu. Malam mai bishara, wani siririn mutum mai tari, zai tsaya ya ce an kashe shi, an sa shi a kabari, ya kuma dawo. Mata su ɗauki guɗa. Ni kuwa sai tsikar jikina ta tashi. A inda na taso, abu biyu ne ke mutuwa ya dawo, fatalwa da ɗan wabi, kuma ba a yi wa ko ɗaya guɗa. Sai in dubi matan nan suna rawa in ce a raina, waɗannan ba su san abin da suke kira ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maigidana. Bakina yana motsi tare da nasu, shi ke nan.

Akwai wata tsohuwa a majami'ar da kowa ke ce wa Gwaggo. Kuturta ta cinye mata yatsu tun tana da ƙuruciya, ta yi shekaru a wurin da ake jinyar kutare can wajen Kano, a can ta karɓi bangaskiya, ta dawo gida da dungu biyu da baki mai kaifi. Ita ke buga tulu in ana waƙa. Takan rungume shi a cinya ta riƙa dukan bakinsa da dungun hannunta, sautin har cikin ƙirji. Ba ta bar ni na huta ba ko sau ɗaya. In na shigo sai ta ce, "Ga mai fuskar shanu ta iso. Ke, wa ya ci miki bashi ne? Yi dariya mu ga ko kina da haƙora." Ba na tanka mata. Ina girmama ta, amma ina ganin wadda ba ta taɓa haihuwa ba ba ta da abin da za ta gaya mini.

Ta huɗu mace ce. Ranar da aka haife ta Inna ta ɗauke ta ta kai ta kan juji ta ajiye, kamar abin da ba a so, sannan ta sa wata maƙwabciya ta tsinto ta. Wai don a nuna mata ba a damu da ita ba, ko ta zauna. Maigidana yana gona, ni kuma ban hana ba. Yarinyar ta zauna. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, aka yaye ta lafiya, baki ya buɗe. Takan ɗora 'yar ƙwarya a ka ta bi ni rijiya tana rangwaɗa kamar matan Fulani masu tallan nono. In Gwaggo na buga tulu, sai ta je ta tsaya gabanta tana buga cikinta da tafi biyu. Duk da haka ban saki jiki da ita ba. Kallonta nake yi kamar baƙon da bai kwance kayansa ba. In ta yi shiru tana kallon bayan danga, sai in ce waɗanda ke kwance a wurin take tunawa, can take so ta koma.

Shekarar da fam ya tafi naira ta zo, da bazara, baƙon dauro ya shigo garinmu. Gida-gida yake bi. Da ya zo kanta, idanunta suka yi ja, jiki ya yi zafi kamar bakin murhu, ƙuraje suka feso. Inna ta ce alhamdu, tunda sun fito. Sai kuma suka koma ciki. Numfashinta ya dawo sama-sama, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Wata safiya maigidana ya dube ta ya ce, "Tashi, asibitin Birnin Kudu za mu."

Inna ta ce, "Kuɗin mota za ku ɓatar. Mai tafiya ya riga ya ɗaura ɗamara."

Maigidana ya wuce ta ya nufi turke. Ya ɗora mu a jaki har Gwaram, ya bar jakin a gidan wani abokinsa mai sayar da gishiri, muka hau bayan wata babbar mota da ke ɗauke da buhunan gyaɗa da mutane a kansu. Tana goye a bayana, ina jin zafinta yana ratsa zanena. Da muka hau kwalta, manyan motocin mai suna wuce mu da ƙara, kowace ta wuce sai ta zabura. Daga baya ta daina zabura. Muna hango duwatsun Birnin Kudu na ji ta yi wata ajiyar zuciya mai tsawo a tsakanin kafaɗuna, hannunta da ke riƙe da wuyan rigata ya sake. Na san wannan sakin. Sau uku na san shi.

Duk da haka muka shiga asibitin. Wata ma'aikaciya mai farar riga ta kwance ta daga bayana, ta sa kunne, ta duba ido, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta gyara mata wuya ta ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Ta riga ta cika."

Maigidana ya fita ya tsaya gindin wata bishiya ya juya mini baya. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, "Direba ba zai ɗauki gawa cikin mutane ba, sai dai a yi shatar mota, mu kuwa ba mu da halin haka. Ki goya ta kamar tana barci."

Na goya ta. Na ɗaura majanyi, na rufa mata mayafi har ka.

Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, amma ban taɓa yin mai tsawon wannan ba, ga shi kuwa da rana tsaka aka yi ta. Rana na dukan kowa, mutane na sharce gumi, ni bayana yana yin sanyi. Sanyin ya fara daga tsakiyar baya ya bazu. Ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji ta zame ƙasa kaɗan, ƙafafunta suna zagayowa ta kwiɓina, suna neman gaba. Na ce a raina, ba za ta ma jira a binne ta ba, tun a nan za ta koma ciki. Na ƙara tamke majanyin har numfashina yana yankewa. Na sa hannu biyu na tare marata. Ina so in kwance ta in ajiye a kan buhu in yi tsalle in fita daga motar, 'yar da na haifa, wadda jiya-jiya nake tauna mata gyaɗa.

Kusa da ni akwai wata Bafulatana da ƙwaryar nono a cinya. Ta dube ni ta ce, "Yarinyar taki ta sha barci. Tashe ta ta sha nono mana, ba sai kin biya ba."

Na ce, "Ba ta jin daɗi ne."

Ta sunkuya za ta yi mata wasa, sai ta ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin zane. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta ɗago ta dubi kwandasta, yana can yana rigimar canji da wani. Sai ta zare gefen mayafinta ta rufe ƙafar, ta matso ta jingina kafaɗarta da tawa yadda ba wanda zai gani. Ta ce a hankali, "Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya sa mai ceto ce." Ba ta janye kafaɗar ba har Gwaram.

Mun isa gida da la'asar. Tun daga nesa matan gidan suka gane, suka ɗauki kuka. Maigidana ya ɗauki sungumi da fartanya, shi da 'yan'uwansa da Malam suka nufi filin da masu bi suka keɓe don binne nasu. Wannan ce ta fari cikin 'ya'yana da za a kai can, tunda ta yi wayo. Aka shimfiɗa ta a ɗakina a kan tabarma, aka yi mata wanka. Da aka gama sai Inna ta ce kowa ya fita. Ta saki asabari. Ta kwance bakin zanenta ta fito da aska, ƙarama, irin ta wanzamai, ta goge ta a cinya.

Ta ce, "Zauna ki ɗora kanta a ƙafarki. Uwa ce ke riƙe kai, in ba haka ba shaidar ba ta kamawa. Yi maza kafin mazan su dawo."

Na zauna. Na ɗora kan a cinyata. Kunnen yana nan ƙarami, da ɗan hujin da aka yi mata aka zura zare. Ba zan ce Inna muguwa ba ce. Hawaye na bin tsagar fuskarta. Ita ta yi wa yarinyar nan tawai, ita ke ɓoye mata ƙuli-ƙuli. Raina take so ta tsirar, kuma ni ma ina son raina. Na juya kan, na miƙa mata kunnen hagu.

Sai asabari ya ɗaga. Gwaggo ce, ta turo shi da dungunta, tana haki don ta yi sauri. Ba ta yi sallama ba. Ta dubi askar, ta dube ni, ta samu wuri ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Yaya, aski za a yi wa baƙuwar ne?"

Inna ta ce, "Ba ruwanki. Wannan maganar gida ce."

"Ai ban hana ba. Da me zan hana, da waɗannan?" Ta ɗaga dungunta biyu. "Kallo na zo yi. Ni an rage ni da raina, ban taɓa ganin yadda ake rage mutum bayan ya mutu ba."

Inna ta ce, "Ki yi ba'arki. Ke ba ki binne uku ba, ba ki ga ƙanwarki ta tafi da ciki ba. Kuma kada ki kawo mini zancen majami'a. Ɗana ya ba ni labari, shi wanda kuke bi ɗin ma da ya dawo, da tabon jikinsa aka gane shi. To shaida ce zan yi, irin tasa."

Gwaggo ta ce, "Maƙiya ne suka yi masa tabon, Yaya, ba kakarsa ba."

Gwaggo ta juyo kaina. Yau babu zancen fuskar shanu. Ta ce, "'Yar nan, na daɗe ina kallonki. Duk ranar murnar tashi kowa na guɗa, ke kina riƙe da ciki kamar wadda ta sha guba. Me kike ji in an ce ya tashi?"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Wabi nake ji, Gwaggo. Ya mutu ya dawo. Me ya raba shi da wannan?"

Na zaci za ta yi salati irin namu ta ce na yi saɓo. Sai ta gyaɗa kai kawai. Ta ce, "Ashe. To ɗan wabi in ya dawo, ta ina yake shigowa?"

Na ce, "Ta cikin uwarsa."

"Da wace fuska?"

"Da wata sabuwa."

"Ya zo ya yi me?"

Na ce, "Ya sake mutuwa."

Ta ce, "To shi bai koma cikin kowa ba. Da ƙafarsa ya fito, babban mutum, da fuskarsa da muryarsa, waɗanda suka san shi suka gane shi, har abinci ya ci a gabansu. Kuma bai sake mutuwa ba, ya gama da ita. Wanda ya tafi wurinsa ba ya yawo a bayan danga yana neman ƙofa. An kwantar da shi ne, an ajiye shi, sai ranar da za a kira shi da sunansa ya tashi, shi ɗin dai, ba wani ba. Ni nan da kike gani da yatsu goma zan tashi, har na ƙosa in ga ko zan iya tsinke zogale." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma bar wannan. Ni ban haifa ba, ke kika haifa. An ce ɗaya ne. Ke da idonki ba ya barin komai, gaya mana, ɗaya ne?"

Daga nesa ina jin ƙarar sungumi a busasshiyar ƙasa.

Na fari yana da makwarkwaɗa biyu a tsakar kai, gashinsa yana juyawa gida biyu. Ba ya kuka in ya farka, sai ya kwanta yana kallon jinka yana wasa da ƙafarsa. Ban taɓa kiran sunansa ba, amma na san wannan. Ta biyu bahaguwa ce, da hagu take karɓar komai, ga faɗa, in an hana ta abu sai ta kwanta ta buga kai a ƙasa. Tsoron kaji take yi. Na uku kwanakinsa kaɗan ne, amma yana da dogayen yatsu irin na ubana, kuma in yana shan nono sai ya buɗe ido ɗaya. Wannan ta cinyata kuwa ba ta tsoron kaza ko kare, da hannun dama take ci, waƙa take so. Ban yi niyyar faɗa da ƙarfi ba, ashe da ƙarfi nake faɗa. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wata. Wanda ke sake riga ba ya sake hannun da yake cin tuwo da shi. Na san su ɗaya-ɗaya kamar yadda na san tukwanena.

Na ce, "Huɗu ne, Inna."

Inna ta ce, "Yarinya, kada tsohuwar nan ta rufe miki ido. Ita ba ita za ta durƙusa ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma tsoron bai tafi ko'ina ba. Yana nan a marata kamar dutse. Amma na duba kunnen nan na ga na yarinya ɗaya ne, wadda ba ta taɓa zuwa ba sai wannan zuwan, ba ta cuce ni da komai ba, ciwo ne ya kashe ta. In an kira ta ranar nan, ba na so ta tashi ta tambaye ni wa ya yanke ta ina riƙe da kanta. Na sa tafin hannuna biyu na rufe kunnuwan.

Na ce, "Ba za a taɓa ta ba."

Inna ta ce, "In ya dawo ya tafi da ke fa?"

Na ce, "To a kai ni kusa da ita."

Bakina ne kawai ya faɗa. Inna ta daɗe tana kallona. Ta mayar da askar bakin zane ta ƙulle, ta tashi, ta tsallake ƙafafun Gwaggo ta fita. Ban ɗauke hannuna ba sai da maigidana ya shigo da farin ƙyalle. Ko a bakin kabarin sai da na sake leƙawa na tabbatar. Malam ya yi magana, tari na katse shi, ban riƙe abin da ya ce ba. Gwaggo ba ta zo da tulu ba, da baki ta ja waƙar, muryarta duk ta dushe.

Inna ta daina cin abincin da na dafa. In mun haɗu a tsakar gida sai ta dubi cikina ta kau da kai. Da damina ta zauna na gane ina da ciki.

Kada wani ya ce muku bangaskiya tana kashe tsoro rana ɗaya kamar an tsiyaya ruwa a garwashi. Watannin nan da tsoro na yi su. Duk motsin da ɗan ya yi sai in ji maganar ƙanwar Inna. Na raba 'yan kayana a zuci, na ce wance ta ɗauki tasoshi, wance ta ɗauki akuya. Abin da ya bambanta shi ne yanzu ina da abin da nake mayar wa tsoron. In ya taso ina tsakar gona, sai in dogara da fartanya in ce, to, a ce na mutu. Sai me? Za a kwantar da ni. Ba zan yi yawo ba, ba zan shiga cikin kowa ba, ba zan tsorata kowa ba. Wanda ya fita daga nasa kabarin ya san inda nawa yake. Wata rana maganar ta kama, in ci gaba da noma. Wata rana ba ta kama ba, sai in je in zauna kusa da Gwaggo tana zagina a kan fuskata har in ji dama.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, lokacin sanyi, mutane suna masussuka. Ta yi tsanani, ta fi duk na baya. Ina durƙushe na ji ƙarfina yana tsiyayewa, idona yana rufewa, muryoyin mata suna nisa. Na ce, to, ga ta nan, yau ce. Na jira firgicin da na saba, irin na bayan motar nan. Abin da na ji shi ne gajiya, da wani tunani wai ashe zan ga mai makwarkwaɗa biyu in kira sunansa da bakina, ba kunya. Sai na ji an riƙe kafaɗuna ta baya da ƙarfi, an ce, "Yunƙura, 'yar banza, ba yau ba!" Muryar Inna ce. Ban san lokacin da ta shigo ba.

Namiji ne. Ya rayu, ya yi furfura, 'yarsa ce ma ke rubuta mini wannan. Amma kada a ce don na hana aska ne ya zauna, domin bayansa na sake binne wata, ita ma da kunnenta lafiya. Ba ciniki na yi da Allah ba.

Da aka yanke cibiya aka wanke shi, Inna ta karɓe shi ta kai bakin ƙofa wurin haske. Ina kwance ina kallonta. Ta juya kunnen dama, ta juya na hagu. Ta duba tsakar kansa, ta buɗe tafin hannunsa ta ƙirga yatsun, ta daɗe tana neman wanda ta sani a fuskarsa. Maƙwabciyar nan tana tsaye a waje tana jiran a kai shi juji ta tsinto.

Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To wanne ne wannan a cikinsu?"

Na ce, "Ba ko ɗaya. Na biyar ne."

Ta yi tsaki. Ta leƙa waje ta ce wa maƙwabciyar ta je ta ɗora ruwan zafi, ta daina tsayuwa kamar an dasa ta. Sannan ta dawo ta sa mini shi a ƙirji, ta ce, "Ba shi ya sha. Wannan da ganin bakinsa mayunwaci ne."